Ranar da Jirgin Sintiri Ya Kwanta a Taɓo

Matan da suka yi sammakon tsintar ƙaguwa su suka fara ganinsa. Jirgin sintirin masu gadin teku, farin nan mai jan layi, wanda kukan injinsa kaɗai ke sa masunta haɗiyar miyau, ga shi can tsakiyar taɓo kwance a kan haƙarƙari kamar saniyar da ta ci guba. Wani ya kwance igiyarsa daga turke, ya ɗage anga, ya tsinke bututun mai, ya tura shi ruwa ya tafi da shi. Da ruwa ya janye sai ya yar da shi a nan, gishiri ya shige masa har hanji.

Kafin shayin safe ya huce, Kwamanda Dilawar, shugaban masu gadin, ya ba da doka: babu kwale-kwalen da zai fita daga garin Baghro sai an miƙa masa wanda ya yi. Lokacin jatan lande ne kuwa, kwana ɗaya a gida asarar wata ce.

To, garin da ke jin yunwa ba ya daɗewa yana neman mai laifi. A bakin gaɓa ga sawun takalmin taya, irin na Jatawa makiyayan raƙuma, ya taho daga hanyar rugarsu har gindin turke. Kowa kuma ya tuna cewa a watan jiya igiyar ruwan jirgin nan ta kifar da ɗan raƙumin wani makiyayinsu mai suna Misri lokacin da garke ke iyo zuwa tsibiri, Misri ya tsaya a kasuwar kifi yana rantsuwa sai ya ga jirgin kwance. Ba a tsaya wata shawara ba. Aka janyo shi daga cikin raƙumansa, ana jifa da curin laka, aka kai shi ofishin masu gadi. Motar da za ta kai shi birni za ta iso bayan la'asar, kuma wanda aka kai birni da laifin ɓata jirgin gwamnati a bakin iyaka, 'ya'yansa sai su yi gemu bai dawo ba.

Sabhai na tatsar taguwa labarin ya same ta. Yayar uwar Misri ce, ita ta goye shi bayan ƙanwarta ta rasu. Tsohuwa ce siririya kamar sandar kiwo, da baƙar riga har ƙasa da baki mai kaifi. Mahaifinta mai bin sawu ne, bai haifi namiji ba, sai ya zuba mata abin da ke kansa duka. Ta ajiye ƙwaryar nono, ta ɗauki sandarta, ko hannu ba ta wanke ba.

*

Kwamandan ya sa an kewaye bakin gaɓar da igiya tun da sassafe, ba wanda ya taka. Sabhai ta yaba masa wannan a ranta, amma ba ta faɗa ba.

"Sa'in," ta ce masa, don haka ake kiran manya a nan, "na zo ganin sawun."

"Ke ce uwarsa?"

"Ni ce wadda ta san tafiyarsa tun yana rarrafe. Ɗaga min igiyar nan, bayana ba ya son sunkuyo."

Ya ɗaga mata. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, tana auna taku da sandarta.

"Takalmin nasa ne," ta ce. "Ga ɗinkin da ya yi wa na dama da waya. Amma ba shi ke ciki ba. Mai bin raƙumi dogon taku yake yi, ƙafa na bin ƙafa. Wannan kuwa dubi yadda yake buɗe ƙafafu, kamar ƙasa na rawa da shi."

"Masi," in ji kwamandan, don haka ake kiran dattijuwa, "mutumin da ke tafiya cikin duhu a kan santsi dole ya buɗe ƙafa. Ba zan saki mutum don faɗin taku ba. Kawo min abin da zan riƙe a hannu."

"Zan kawo maka. Kai dai riƙe motarka."

"Motar ba ta jiran kowa. Ruwa ma haka. In ya dawo da azahar, duk wannan ya shafe."

*

Misri na zaune a ƙasa a bayan ofishin, hannu ɗaure, goshi a kumbure.

"Masi, wallahi..."

"Rufe min baki da wallahi, ita ta kawo ka nan. Ina takalmanka?"

"Na faɗa musu, dariya suka yi. Jiya na shiga gari sayen gari da sukari, magariba ta same ni, na yi salla a masallaci. Da na fito babu takalma. Ƙafa tsirara na koma ruga."

"Wa ya gan ka?"

"Raƙuma."

"Madalla da shaidu. Wa ke masallacin?"

"Duk gari, Masi. Har mai gari Sumar da mutanensa."

Ta shafa kumburin goshin da babban yatsa, ya yi ƙara. Ta ce, "Ashe da ranka. Zauna nan, kar ka sa hannu a kowace takarda, kar ka sake yi wa kowa rantsuwa."

*

Mai bin sawu na gaske baya yake fara bi, don inda mutum ya fito ya fi inda ya je faɗar gaskiya. Sabhai ta bi sawun tana komawa. Ya hau hanyar ruga kamar yadda aka ce, amma bai kai rugar ba. Can wajen kurmin timar, itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, ya karkace ya faɗa wani ɗan rafi, ya ɓace. A bakin rafin kuwa ga bukkar Gullo da ƙaramin kwale-kwalensa. Gullo shi ne mai sayar da man da ba a tambayar inda ya fito, kuma sau da yawa jirgin sintiri ya kore shi har cikin kurmi. Sabhai ta nufi bukkar kai tsaye.

Ta same shi kwance a kan gadon igiya yana tauna ganye.

"Gullo, jiya ina ka kwana?"

"A'a, Masi! Tambayar da matata ta gaji da yi ke nan."

"Ita tsoronka take ji. Tashi ka taka min ƙasa."

Ya yaye mayafin da ya rufa. Ƙafarsa ta hagu ta kumbura kamar tulu, an naɗe ta da tsumma da kurkum.

"Kifi mai bulala ya sare ni shekaranjiya. Ko bayan gida ɗauka ta ake yi. Amma in kin gano wanda ya kwantar da jirgin nan, ki gaishe min shi, ki ce Gullo na da shayinsa har abada."

"Ɗana za a ɗaure a kan shayin naka."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya tofar da ganyen ya ce, "Ni ban ga kowa ba, Masi. Abin da na sani, rabona da jirgin nan ya kwana biyu. Yanzu ba mai yake bi ba, raga yake bi."

Kowa a Baghro ya san wace raga ake nufi, mai ƙananan idanun nan da ake toshe bakin rafi da ita, ta kwashe kifi har da 'ya'yan da ba su buɗe ido ba. Gwamnati ta hana ta. Kowa kuma ya san rabin garin a kanta yake ci.

*

A hanyarta ta dawowa aka tare ta, wai mai gari na kira. Sumar na zaune a rumfarsa cikin farin kaya masu sitaci, da baƙin takalmi sau ciki mai ƙyalli, dattawa sun kewaye shi. Ya sa aka zuba mata shayi mai madara.

"Adi Sabhai, 'yar'uwa, zauna. Rana ta yi zafi ga mai shekarunki."

"Shekaruna da naka tare suka taso, Sumar. A tsaye zan sha."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Ya yi murmushi.

"Ba wanda ke murna da abin da ya sami yaron nan. Amma dubi kwale-kwalen can a jere, kowanne da bakuna a bayansa. Ki bari a tafi da shi, gari ya samu ya fita. Ni da kaina zan nema masa lauya, 'ya'yansa kuma ba za su kwana da yunwa ba muddin ina raye."

"Allah Ya saka. Amma me ya sa kake sayen abin da ba a kawo kasuwa ba?"

"Ina tuna miki ne kawai. Ruwan daɗin da raƙumanku ke sha, daga tankina yake fitowa. Baƙo ba ya tsinke igiyar rijiyar mai gida."

"Baƙo? Kakannina na kiwo a tsibiran nan tun kogi na kawo ruwan daɗi har ƙofar gida, ba wanda ya san tanki." Ta ajiye kofin a cike. "Riƙe shayinka, ka haɗa da ruwan."

Tana fita wata mata ta yi mata tsawa daga bayan danga: "Tsohuwar banza, 'ya'yanmu za su ci sawu ne?" Sabhai ba ta ko waiga ba.

*

Ruwa ya fara dawowa, yana lasar taɓo a hankali, ita kuwa ba ta da komai a hannu. Ta koma gindin turke ta tsaya inda sawun ya ƙare. A gefe ga katakon da ake hawa jirgi da shi, an yar da shi a kan saiwoyin timar, tun safe ba wanda ya taɓa.

"Sa'in, sa yaranka su ɗaga min wannan. A hankali, kamar mai ɗaga jariri."

Aka ɗaga. Saiwoyin sun tokare katakon, bai danne lakar ba. Sabhai ta durƙusa, sai ta yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

Sawun takalman ne biyu a jere, kafaɗa da kafaɗa, sun ɗan taɓa laka sama-sama, babu nauyin mutum a cikinsu. A gabansu kuma ga sawun ƙafar hagu guda, tsirara, ya nutse sosai.

"Ya tuɓe takalmi," in ji kwamandan. "Don kar ya yi ƙara?"

"Takalmin taya ba ya ƙara. Sa'in, tun da ka zo garin nan, ka taɓa ganin masunci ya taka jirgi da takalmi?"

Ya girgiza kai. A Baghro jirgi uwa ce, a kansa ake cin abinci, a kansa ake salla, wanda ya taka shi da takalmi ya taka arzikin gidansu. Yaro ma kafin ya iya magana ya san wannan.

"Mu Jatawa ba ruwanmu," ta ce. "Misri da takalmi zai hau, har da kashin raƙumi. Wannan ya ari takalmin makiyayi, ya ari hanyar makiyayi, amma da ya zo gaban jirgi ƙafarsa ta tuna gidan ubanta. Hali zanen dutse."

"Masunta sun cika garin nan, Masi."

"Duba babban yatsan. Ka ga yadda ya ware daga 'yan'uwansa kamar sun yi faɗa? Mai saƙar raga ne, da yatsan yake riƙe zare tun yana yaro. Yanzu duba diddigen. Sumul, babu faso ko ɗaya. Masu saƙar ragar garin nan diddigensu kamar bawon itace yake. Wannan ƙafar ta yi talauci, sannan ta yi shekara da shekaru a cikin safa."

Kwamandan ya daɗe yana kallon sawun. Can ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yau da safe ne za mu je bakin rafi mu tumɓuke ragunan nan. Mutum ɗaya na gaya wa, don girmamawa, kar ya ce an shiga garinsa ba sallama."

"Kar ka faɗa min sunansa, kar a ce kai ka sa min a baki. Aiko min da faranti da shebur."

Ruwa na taɓa mata gwiwa ta yanko lakar da sawun ke kai, ta ɗora a farantin tuya gurasa, ta ɗauka a ka.

*

Da la'asar ruwa ya cika, aka janyo jirgin sintiri aka ɗaure a turkensa, aka wanke daɓensa fes. Motar birni ta iso tana jira da injinta a kunne. Kwamandan ya tara duk namijin da ya yi magariba a masallaci jiya, mata da yara suka cika gaɓa. Aka fito da Misri. Har Gullo aka ɗauko a kan gadonsa, wai ba za a yi babu shi ba.

Sabhai ta ajiye farantin a ƙasa ta yaye tsumman da ta rufe shi.

"Ga ƙafar da ta hau jirgin nan jiya. Ban zo zargin kowa ba, ƙafa ce za ta nemi 'yar'uwarta. Kowa ya taka laka, ya hau jirgi, ya bar min sawunsa a kan farin daɓen can, ya sauko. Misri, fara."

Misri ya hau ya sauko. Sawunsa dogo ne siriri, ko makaho ya san ba shi ba ne. Masunta suka bi layi, kowa na zuwa gindin katako sai ya zame takalmi ya jera, ya yi bismilla ya hau. Masu saƙar raga suka wuce da wararren yatsa da fasasshen diddige. Gullo ya ɗaga kumburarriyar ƙafarsa daga kan gado ya ce, "Masi, ni ma in zo? A kawo babban faranti!" Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, don layi ya ƙare, saura mutum ɗaya.

"Sumar," in ji Sabhai. "Bismilla."

"Ni? Mai gari zai yi rawa a laka don wata mai warin raƙumi ta ce?"

"Liman ma ya hau," in ji kwamandan.

"Ina da ciwo a ƙafa. Likita ya hana ni cire takalmi."

"Allah Ya sawwaƙe," in ji Sabhai da murya mai taushi. "To ba komai, kar ka cire. Hau da takalminka. Ka taka daɓen sau ɗaya, a gaban mutanenka, ni kuma in ɗauki farantina in tafi, a tafi da Misri."

Sumar ya dube ta, ya dubi jama'a. Ya taka katakon da baƙin takalminsa, ya hau har bakin jirgin. Ya ɗaga ƙafar dama. Wani tsohon masunci ya ce, "A'uzu billahi," ya kau da kai. Matan da mazajensu ke fita teku a jiragen Sumar suka dafe ƙirji, don wanda ya taka jirgi ɗaya da takalmi, wa zai yarda ya shiga nasa?

Ƙafar ta tsaya a iska. Taku ɗaya ne tsakaninsa da tsira, amma shekara sittin na riƙe da idon sawunsa. A ƙarshe ya mai da ƙafar baya, ya sauko, ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, ya kwance igiyar takalmin da kansa. Ya zare safa. Babban yatsan hagu ya ware can gefe, diddigen kuwa sumul kamar na amarya.

Ba wanda ya ce a gwada da faranti.

"Ni ne," in ji Sumar, ya ɗaga murya. "Kuma don ku na yi! In aka cire ragunan nan, me za ku ci? Kogi ya daina zuwa, teku na cin gonakinmu, manyan jirage sun share kifin waje, sai talaka ake hana wa raga! Jirgi na kwantar, ban kashe kowa ba!"

Wasu suka yi guna-gunin yarda, don maganar ba ƙarya ba ce duka. Sabhai ta dogara sandarta.

"Da ka kwantar da jirgi ka tsaya ka ce ni ne, da ni zan fara kai maka abinci kurkuku, Sumar. Amma ka shiga ɗakin Allah ka saci takalmin maraya, don ka ga ba shi da kowa sai tsohuwa."

Kwamandan ya yi wa mutanensa alama, suka kama hannun mai gari zuwa mota. Ya zaro wuƙa zai yanke igiyar hannun Misri, Sabhai ta tare shi.

"Bari, Sa'in. A gaban gari aka ɗaure shi, a gaban gari zan kwance."

Ta kwance ƙullin da yatsunta, a hankali, ba ta gaggawa. Ta kama hannun Misri suka juya za su tafi, sai suka ga hanya a toshe. Mutanen Baghro sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, fuska a murtuke. An ɗage musu dokar fita, amma gobe za a tumɓuke ragunan, mai garinsu kuma na cikin mota, duk saboda tsohuwar nan. Wani daga baya ya ce, "Kin ji daɗi yanzu?"

Misri ya ja baya. Ta matse hannunsa.

"Ɗaga kanka, kai ba ka saci komai ba." Ta dubi taron, ɗaya bayan ɗaya, ba fuskokinsu ba, ƙafafunsu. "Na bi ta wurin da kuka ja shi ɗazu da safe. A sawu na ga wanda ya riƙe, na ga wanda ya shura, na ga wanda ya sunkuya ya ɗebi laka. Kwamanda bai tambaye ni ba tukuna. Ku matsa."

Ɗaya ya ja ƙafarsa baya, na kusa da shi ma ya ja. Hanya ta buɗe har bakin kurmi, tsohuwa ta wuce da ɗanta a tsakiyarsu, ba ta ƙara sauri ba ko kaɗan.